FAYYACE: Abin da ya sa farashin gidan jingina a talla ba shi ne farashinsa ba

Akwai wani irin talla da ke saurin ɗaukar idon mai neman muhalli: gida a wuri mai kyau, da farashin da bai kai na maƙwabtansa ba, a kuma ƙara da cewa mai shi yana cikin matsi, yana son kuɗi da gaggawa. Sau da yawa matsin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gidan yana jingine, kuma wanda ya yanka farashin ba shi kaɗai ke da ikon cewa "na sallama" ba. Adadin da ke cikin tallan, a irin wannan hali, kiran masu tayi ne kawai. Farashin gaskiya yana hannun mai bin bashi.

Asalin wannan ciniki

A Amurka aka fi sanin sa, inda suke kiran sa da sunan da ke nufin sayarwa da giɓi. Ma'anarsa ita ce mutum ya sayar da gidansa a kan kuɗin da bai kai bashin da banki ke bin sa a kan gidan ba, bankin kuma ya yarda ya karɓi abin da ya samu ya saki takardu. Ya yawaita bayan da farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006 sannan ya rushe, rushewar da ta kai ga durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008. A jihohi irin su Nevada da Arizona da Florida da California, mutane da yawa sun wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki.

A nan ne dabarar karya farashi ta samu gindin zama. Mai gidan ba zai ga ko sisi daga cinikin ba, domin duk abin da aka biya na banki ne, don haka bai damu da adadin da aka rubuta ba. Dillali kuwa yana buƙatar tayi a rubuce, saboda bankuna da yawa ba sa buɗe fayil sai an kawo musu mai saye. Sai ya sa farashin da zai tara jama'a. Bankin zai aika nasa masu ƙiyasi, ya ɗauki watanni, sannan ya dawo da adadin da ya fi na talla nesa ba kusa ba. A watan Afrilu na 2010 gwamnatin Amurka ta fara wani shiri mai suna HAFA, wanda ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa shi ne mai bin bashi ya fayyace mafi ƙarancin abin da zai karɓa tun da wuri, don kada a riƙa jan masu saye da adadin da babu wanda ya amince da shi.

Lissafin a sauƙaƙe

A ɗauka, a matsayin misali, banki na bin wani ɗan kasuwa naira miliyan 12, gidan da ya jinginar kuma darajarsa a kasuwa miliyan 10 ce. Dillali ya tallata shi a miliyan 6. Mutum biyar suka taya, ɗaya ya ba da kafin alƙalami na miliyan ɗaya don kada a riga shi. Bankin ba shi da dalilin yafe miliyan 6 alhali yana iya sayar da gidan da kansa ya samu kusan 10. Mai sayen yanzu yana tsakanin abu biyu: ya ƙaro kuɗin da bai shirya ba, ko ya shiga zaryar neman a maido masa da miliyan ɗayansa daga hannun mutumin da dama bashi ya yi wa katutu.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin mallaka irin na gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamnan. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan filayen gargajiya, inda amincewar ƙaramar hukuma ake nema, sai dai idan kotu ce ta ba da umarnin sayarwa. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Kotun Ƙoli ta nuna nauyin wannan sharaɗi a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda ta rushe wata jingina saboda rashin amincewar gwamna.

Jinginar banki iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta aka yi wa rajista, wadda bincike a ma'aikatar filaye ta jiha zai bayyana ta. Akwai kuma wadda mai gida ya miƙa wa banki ainihin takardar mallakarsa kawai. Wannan ta biyun ba lallai ta fito a rajista ba, kuma alamarta ita ce mai sayarwa ya riƙa nuna kwafi yana kawo uzuri game da ainihin takardar. Idan bashin ya lalace ƙwarai, yana iya kasancewa ma ya bar hannun bankin ya koma hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna. Ta ɓangaren talla kuwa, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye game da farashi.

Illela da Gidan Katta

Gidan Katta ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Arzikin yankin ya rataya a kan iyaka da kasuwar dabbobi da noma. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk ɗan kasuwar da ya ci bashi da gidansa ko gonarsa don jari, irin wannan tsaiko ne ke tura shi ga sayarwar dole.

A ɗaya gefen kuma, a Illela aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 a watan Oktoba na 2024. Hanya irin wannan takan jawo masu neman filaye daga nesa, waɗanda ba su san tarihin kowane fegi ba. Tana kuma kawo wani dalilin arha: filin da ya faɗa cikin layin hanya. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuma ta fi shafar gini da amfanin gona, ba ƙasar kanta ba.

A karkara, mai bin bashin ba kullum yake banki ba. Yana iya zama attajirin da aka jinginar wa gona yana nomawa, ko kuma gidan ya zama na gado da ba a raba ba, magaji ɗaya ya kai shi wurin dillali ba da sanin 'yan'uwansa ba. Matsalar iri ɗaya ce: mai yanka farashi daban, mai ikon sallamawa daban.

Mahangar fiƙihu

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Sakkwato, hukuncin shi ne idan mai jingina ya sayar da abin bayan ya shiga hannun mai bin bashi, wannan yana da ikon warware cinikin matuƙar kuɗin bai kai bashinsa ba. Shari'a ta kuma haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya tunzura wani. Wannan ita ce dabara ta biyu da ke biyo bayan farashin tarko, bayan an tara masu tayi.

Abin da mai saye zai nema kafin ya ba da ko kwabo

- Ainihin takardar mallaka, ba kwafi ba, da binciken lauya a ma'aikatar filaye ko ofishin ƙaramar hukuma.
- Wasiƙar mai bin bashi da ke nuna jimillar bashin da kuma adadin da ya yarda ya karɓa ya saki takardu.
- Biyan kuɗin kai tsaye ga mai bin bashi, da sharaɗi a rubuce cewa za a maido da kafin alƙalami idan bai amince ba.
- Bayanin mai unguwa da hakimi da maƙwabta, da sa hannun dukkan magada idan gidan gado ne.
- Yarjejeniya cewa la'adar dillali sai bayan an kammala ciniki.

Hausawa sun ce arha ba ta ado. Amma nauyin bai kamata ya tsaya a kan mai saye shi kaɗai ba. Muddin binciken fili a Gidan Katta yana nufin tafiya Sakkwato da neman wanda ya san wani, dillali zai ci gaba da sanin abin da mai saye bai sani ba. Rajistar filaye da kowa zai iya dubawa a ƙaramar hukumarsa, da tilasta bayyana jingina a cikin kowane tallan gida, abubuwa ne da majalisar dokokin jiha ke da ikon yi, kuma tambaya ce da ta dace matasa su yi wa duk mai neman ƙuri'arsu.