Daga Fitilar Ƙwai Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatu Daga Gida

Ba yau gwamnatin Najeriya ta fara tunanin malamin firamare na gari irin Miga ba, wanda ke son ƙaro ilimi amma ba zai iya barin aji da gona da iyali ba. A 1976 aka fara shirin UPE na firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa maƙil, ƙwararrun malamai kuwa suka yi kaɗan. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don a horar da malami yana bakin aikinsa. A buga darussa a raba, malami ya yi bita da dare a gaban fitilar ƙwai, ƙarshen mako ko lokacin hutu ya je cibiya a warware masa abin da ya shige masa duhu. Daga 1990 har takardar NCE ake samu ta wannan hanya.

Jami'a ce ta sha wuya. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, amma a Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta dakatar da ita. Haka ta kwanta kusan shekara 18, kuma wannan babbar asara ce, musamman ga Arewa inda jami'o'i ke nesa da talaka. Sai a zamanin Olusegun Obasanjo aka farfaɗo da ita da sunan NOUN. Shi kansa, bayan ya sauka daga mulki, ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digiri na uku a 2018. Duk da haka takardarta ta daɗe tana shan kallon raini. A 2018 ɗin, lokacin Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yana shugabantarta, Buhari, wannan karon a farar hula, ya sa hannu a gyaran dokarta don daidaita matsayinta da sauran jami'o'i.

Jigawa, jihar da Miga take, ta shiga harkar kwamfuta da wuri, domin tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure. Amma abin da ya kai kwamfuta gaban ɗan ƙauye shi ne JAMB, wadda daga 2015 ta daina jarrabawar takarda. Yaron da bai taɓa danna madannai ba, dole ya koya.

Sai korona ta zo. Da aka rufe makarantu a Maris na 2020, rediyo ce ta fi kai darasi karkara, ba intanet ba. A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport ta darussan firamare da sakandare.

A takarda, ƙofa ta buɗe. A ƙasa kuwa, ɗalibin NOUN da ke Miga yana iya sauke darasinsa a waya, in akwai sabis, in ya sayi data, in ya biya mai caji. Ranar jarrabawa kuma sai ya nemi kuɗin mota zuwa cibiya irin ta Dutse, ko da damina ce ruwa ya cinye hanya.