Daga Tsakiyar Ikko Zuwa Surulere: Tarihin Wani Rusau

Wanda ya ratsa tsibirin Ikko a yau, ya bi ta titin Broad ko ya kutsa kasuwar Balogun, abin da zai cika masa ido shi ne dogayen benaye na bankuna da kamfanoni, da cincirindon 'yan tireda a gindinsu. Da wuya ya kawo a ransa cewa wannan fili a da unguwa ce ta gidajen gado, inda kaka da jika suke kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wannan maƙala za ta waiwayi aikin da ya sauya fuskar wurin tun daga shekarar 1955, da abin da ya jawo wa mutanen da aka tarar a ciki da waɗanda suke kewaye.

Asalin maganar cuta ce. A shekarar 1924 annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko, ta yi shekaru tana ɗibar rayuka, musamman a lungunan da jama'a suka cunkushe, ba magudanar ruwa, ba wurin zubar da shara. Saboda haka a 1928 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Raya Birnin Ikko, wadda aka fi sani da LEDB, ta ba ta ikon karɓe fili da rushe gini da sake tsara unguwa. Hukumar ta fara gwada ƙarfinta a unguwar Oko Awo. Tun daga nan Turawan mulki suka riƙa kallon tsohuwar unguwa da idon likita, wato a matsayin ciwon da maganinsa yankewa.

Da aka shiga shekarun 1950 sai wani dalili ya ƙaru a kan na lafiya. 'Yancin kai ya ƙarato, Ikko kuwa ita ce hedkwatar tarayya, nan baƙin duniya za su sauka. Shugabanni, Turawa da 'yan ƙasa baki ɗaya, suna jin kunyar a ga tsakiyar babban birni cike da gidajen kwano da kwatami. Aka tsara share eka 70 a tsakiyar tsibirin, a faɗaɗa tituna, a haƙa magudanai, a yanka filaye sababbi domin manyan gine-gine. Mazauna wurin kuma aka gina musu rukunin gidaje a Surulere, can a babban yankin ƙasa, hayin ruwa. Sunan wurin da Yarabanci yana nufin haƙuri yana da riba, kuma lalle an buƙaci haƙurin.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Mai gida za a biya shi diyya, ya zauna a Surulere na ɗan lokaci, in an gama gyara ya dawo ya sayi fili a tsohuwar unguwarsu ya gina na zamani. Amma masu tsarin ba su yi la'akari da yadda ake mallakar gida a Ikko ba. Yawancin gidajen nan na zuriya ne, magada da yawa suke da haƙƙi a kan gida guda, ba wanda yake da ikon sayarwa shi kaɗai. Muddin gidan yana tsaye, kowa yana da ɗakin kwana, da inda zai sauke baƙo, da inda za a yi suna ko zaman makoki. Da aka mai da shi kuɗi aka raba, sai rabon kowa ya zama abin da bai isa sayen ko ƙofar shago ba. Ga shi kuma farashin sabon fili ya haɗa da kuɗin gyaran da hukuma ta yi, sannan dole ginin da za a ɗora ya cika sharuɗɗan da sai mai hannu da shuni. Kaɗan ne ƙwarai suka iya komawa. Mutanen unguwa sun kafa ƙungiya, sun kai kuka, sun yi zanga-zanga, amma rusau bai fasa ba.

Mun san abin da ya biyo baya dalla-dalla saboda wani masanin zamantakewa ɗan Ingila, Peter Marris, wanda ya bi mutanen gida-gida a ƙarshen shekarun 1950, a tsohuwar unguwa da kuma Surulere, ya fitar da littafinsa a kan iyali da sauyin zamani a Ikko a 1961. Abin da ya gano ya fi ƙarfin maganar bango da rufi. Gidajen Surulere sun fi tsafta, akwai famfo, akwai sarari, iska tana shiga. Sai dai mutumin tsakiyar Ikko da unguwarsa yake ci. Matar da take sayar da atamfa ko dafaffen abinci a ƙofar gida, cinikinta ya dogara ne da dubban ƙafafun da suke wucewa tsakanin kasuwa da ofisoshi da bakin ruwa. Tela da maƙerin zinariya da mai wanki, kowa abokan cinikinsa maƙwabtansa ne, su suka san shi, su suke ba shi bashi, su yake bi bashi. A Surulere titi ya yi faɗi amma ba mai wucewa. Wanda ya nace sai ya ci gaba da sana'arsa a tsibiri, dole ya biya kuɗin mota kullum, ya bi ta gadar Carter, wadda a lokacin ita kaɗai ce ta haɗa tsibirin da babban yanki. Riba ta ƙare a hanya.

Zumunci ma ya ji jiki. Tsohuwar da a da 'ya'ya da jikoki suke leƙa ta safe da yamma, kowa ya ajiye mata ɗan abin da ya samu, yanzu sai wanda ya iya kuɗin mota, ran Lahadi. Gaskiya ne akwai waɗanda sauyin ya yi wa daɗi, galibi matasa ma'aikatan albashi, waɗanda suka sami gida nasu su da matansu, nesa da idon dangi da yawan bani-bani. Wannan bai kamata a ɓoye shi ba. Amma su ne marasa rinjaye, kuma ba domin su aka ce an yi aikin ba.

Unguwannin da suke maƙwabtaka da inda aka rushe su ma ba su tsira ba. Da yawa daga waɗanda aka tasa ba su yarda sun haye ruwa ba, sai suka matsa cikin lungunan da ke kusa, wurin 'yan'uwa ko a ɗakin haya, domin kada su yi nisa da abincinsu. Cunkoson da aka zo kawarwa sai ya koma gaba kaɗan ya ƙara tsanani, kuɗin haya ya hau. Wani abin takaici kuma, sashe mai yawa na filin da aka share ya yi shekaru ba a gina komai a kansa ba, 'yan kasuwa suka kafa rumfuna, masu motoci suka mai da shi wurin ajiya.

Surulere dai daga baya ta cika sunanta. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya buɗe a Idi-Araba a 1962, unguwar da Hausawa suke da tsohon zama a cikinta, aka kuma gina babban filin wasa na ƙasa wanda ya karɓi wasannin Afirka a 1973. Gari ya taso ya kewaye ta, har ta zama tsakiya ita ma. Sai dai wannan riba ta zo ne bayan shekaru, kuma ba lalle ta faɗa hannun tsohuwar da ta rasa rumfarta a 1956 ba. Ita kanta LEDB an narkar da ita cikin wata sabuwar hukumar jiha a 1972.

Salon aikin kuwa bai mutu da ita ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ƙarƙashin Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sannan ta turo katafila. An ƙiyasta waɗanda suka rasa matsuguni da kimanin 300,000. Hujjar ita ce dai ta da, wato ƙazanta da ambaliya da lafiyar jama'a, alhali kowa yana ganin unguwar ta yi maƙwabtaka da Victoria Island da Ikoyi, inda taƙin ƙasa ya fi zinariya. A wannan karo ko tanadin da aka yi wa mutanen 1955 ba a yi ba, ƙalilan ne suka sami ɗaki a rukunin gidajen Ilasan da Ikota, waɗanda yawancinsu ba a ma gama ginawa ba. Mu ɗaliban adabi mun fi sanin Maroko ta wasan kwaikwayon Wole Soyinka na 1995, The Beatification of Area Boy, da littafin Chris Abani, GraceLand, na 2004. A ƙasa kuwa, inda unguwar take a da, yanzu rukunin gidajen Oniru ne da manyan otal-otal da kantuna, kuma yaran da aka haifa a wurin bayan rusau da sunan Oniru suka san shi.