An Tsare Birni, An Manta da Yaran Waje

Zancen gidan giya kusa da makaranta tsoho ne. Tun 1890, a taron Birasels, Turawa suka amince kada a shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta yaɗu ba. Arewa tana cikinsu. To amma da aka kafa Sabon Garin Kano wajejen 1913 domin baƙi, sai giya ta sami masauki bayan ganuwa. Makarantu ma suka tsiro a nan. Ni kaina can na yi firamare, kullum safiya sai mun tsallake fasassun kwalabe. Ganuwa ta tsare 'ya'yan birni. Na waje fa, wa zai tsare su?