Gyaran Injin Bincike Idan Ya Daina Aiki: Bayani Ga Jama'ar Bagudo

Injin bincike, kamar Google ko Bing, shi ne kafar neman bayanai a intanet. Idan ya tsaya, ma'aikaci kan makara wajen cike takardun hukuma, ɗalibi kuma ya rasa damar rajista. Muna shawartar jama'a da su bi waɗannan matakai:

1. A danna *323# domin duba ragowar data. Hukumar NCC ce ta daidaita wannan lamba ga dukkan layuka a shekarar 2023.

2. A garuruwan kan iyaka irin su Lolo da Tsamiya, waya kan kama layin Jamhuriyar Benin, sai data ta yanke. A shiga saitunan waya a zaɓi layin Najeriya da hannu.

3. Tun 2017 Google yana la'akari da wurin da mutum yake. Idan sakamako ya fito da Faransanci, a mayar da ƙasa Najeriya a saitunan bincike.

4. A gyara kwanan wata da agogon na'ura, domin kuskurensu yakan hana shafi buɗewa.

5. A kwamfuta, a danna Ctrl, Shift da Delete tare, a share tsofaffin bayanan da burauza ta tara.

6. Ofisoshin da ke amfani da Internet Explorer su koma Edge, Chrome ko Firefox, kasancewar Microsoft ya janye tallafinsa a 2022.