Buga taswirar salsalar iyali a gida

Taswirar salsala takarda ce mai nuna mutum da iyayensa da kakanninsa. Manhajojin kwamfuta irin su Gramps, wadda kyauta ce, da Heredis ta Faransa ke zana ta bayan an shigar da sunaye.

Yawan magabata ninkawa yake yi: iyaye 2, kakanni 4, sai 8, sai 16. Hawa biyar mutum 31 ke nan har da mai taswirar, kusan iyakar abin da takardar A4 ke ɗauka rubutu bai ƙanƙance ba. In an zarce haka, sai a buga shafi-shafi a manna.

Kafin bugawa, a karanta wa dattawan gida sunayen, don kuskuren da ya hau takarda jikoki gaskiya za su ɗauke shi.