Shiƙa a Ajin Turanci

A wajen bita, akan ce wa malaman Turanci na Dambatta da Makoda da Bichi su koya wa yara "critical thinking". To, da wace kalmar Hausa malami zai yi wa ɗan aji huɗu bayaninsa?

Wasu sun ce "tunani". Amma tunani daga "tuna" ya fito, ɗan'uwan hadda ne na jini. Wannan ya burge ni: Bahaushe bai raba tunani da abin da aka adana a ka ba. Wanda rumbunsa ba kome, me zai sussuka?

Wasu sun ce "suka". Ita kuwa suka ta mashi ce ko ta ƙaya. Yaro mai tarbiyya, in aka ce ya soki maganar malaminsa, kai zai sunkuyar.

"Nazari" daga Larabci ya zo, asalinsa dubawa. "Hankali" ma daga "aƙli" ne, kuma tushen kalmar ɗaure ƙafar raƙumi yake nufi, wato dabaibayi. Ɗaya na dubawa, ɗaya na tsarewa, babu mai rarrabewa.

Ita kalmar Turancin daga Girkanci ta taso, "krinein", rarrabewa, kuma dangi ce ga kalmar Latin ta rariya. Ashe a masussuka take! Dubi mace da kaka, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero a hankali, iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaba na faɗawa ƙwaryar ƙasa. Shiƙa ke nan, kuma kowane yaro a karkarar nan ya san ta.

A gwada ta da kalmar "boko". An daɗe ana gaya wa ɗalibai cewa daga sunan littafi a Turanci ta samo asali. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu ko yaudara, kamar a "amaryar boko", wadda ake sa wa lulluɓi a madadin ta gaskiya. Malami ya rubuta bayanin biyu a allo, ya sa yara su tambaya da Turanci: wa ya faɗa, da wace hujja? Su je gida su tambayi kakanninsu amaryar boko, gobe su kawo amsa.

Ni dai shiƙa na zaɓa. Mai shiƙa ba ta raina damin da aka ba ta, ba ta kuma kai shi turmi da ƙaiƙayinsa.