Ƙaramin Jirgin Bauci: Tashar da Aka Rufe a Zariya



Wanda ya fita birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya ƙetare Kubanni, zai iske tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari. Kowa ya san layin Ikko zuwa Kano, ya kuma san wanda ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a dā akwai layi na uku da ke tashi daga nan ya nufi Jos, wanda aka rufe tun 1957. Tarihin wannan layi da tashoshinsa shi ne maƙasudin laccarmu ta yau.

Mu fara da dalilin gina shi. A farkon mulkin Turawa, kamfanonin Ingila sun gano yawan kuzar da ke ƙasar Jos, amma fitar da ita ya zame musu ala-ƙaƙai. A ka ake ɗaukar ta, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, sannan a zuba ta a jirgin ruwa. Da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai masu haƙar kuza suka matsa wa gwamnati ta ja musu reshe zuwa tudun Jos.

Gwamnati ta yarda, amma ta nemi araha. Faɗin babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, shi kuwa wannan aka yi shi ƙafa 2 da inci 6. Ya kai Rahama a 1912, ya dangana da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. A tsakani akwai tashoshi irin su Soba, da Dutsen Wai, da Jengre. An kira shi layin Bauci domin a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci, alhali bai taɓa shiga garin Bauci ba.

To, su wa suka yi aikin? Talakawa ne, waɗanda ake rubutawa ta hannun hakimai da dagatai, su bar gonakinsu su tafi sassabe da haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando. Daga wannan zamani ne kalmar diga ta zauna a bakin Bahaushe. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya tsara Waƙar Diga a kan aikin jirgi, kuma tana cikin shaidun da muka gada daga bakin mutanen ƙasa.

Arahar nan da aka nema ita ce ta zama cutar layin. Tun da faɗinsa ya saɓa wa na babban layi, tarago ba ya iya wucewa daga wannan zuwa wancan. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sāke lodawa. Wannan ya samar wa lebura abinci a Sabon Gari, amma ya jawo wa masu kaya ɓata lokaci da ƙarin kuɗi. Ga shi kuma ƙaramin inji ba ya jan kaya mai yawa a hawan dutse.

Saboda haka, da babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafancan a 1927, sai kuza ta sami gajeriyar hanya zuwa teku, gawayin Inugu kuma ya sami hanyar zuwa wuraren haƙa. Daga ranar ƙaramin jirgi ya rasa uban gidansa. Ya ci gaba har shekara 30 yana jigilar fasinja da amfanin gona, motoci suna ta janye masa ciniki, har Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rufe shi a 1957. Wasu daga cikin injunansa an adana su a gidan tarihi na Jos. Garin Bauci kuwa sai bayan samun 'yancin kai ya ga jirgi, ta layin da ya isa Maiduguri a 1964.

Me wannan ya bar wa Zariya? Tashar jirgi ta ja kamfanoni da kantuna da baƙi zuwa Sabon Gari, ciniki mai ƙarfi ya koma bayan ganuwa, birni ya riƙe sarauta da ilmi. Garuruwa irin su Soba da Dutsen Wai kuwa, hanyar mota ta Zariya zuwa Jos ce ta ɗauke su bayan jirgi ya sake su.

Jama'a, darasin a fili yake. An gina layin nan domin kuza, mutanen da ke bakinsa ba su shiga lissafi ba, don haka da kuza ta sauya hanya babu wanda ya tsaya masa. Ina roƙon ma'aikatanmu su riƙe wannan, musamman da yake layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, faɗinsu ya saɓa wa na tsohon layi. Tambayar inda za a sauke kaya a sāke lodawa ta dawo, kuma gwamma a amsa ta tun kan takarda.

Ku kuma ɗalibai, wanda ya hau wannan jirgi yana ɗan shekara 10 a 1957, yau ya doshi 80. Ku je Soba da Dutsen Wai da Rahama, ku gaida dattawa, ku tambaye su inda tasha take da abin da ake sayarwa a bakinta, ku rubuta da Hausa tun suna da rai.